Ranar da Na Yi wa Fijon Baba Wanka

Fijon marigayi Baba, Allah sarki, in ta yi zafi aka kashe ta, ba ta tashi. Shi kan jiƙa tsumma ya ɗora kan famfon mai, ya jira.

Ranar da na ɗauko kawunnaina za su nema mini aure, muka tsaya sallah a Ƙofar Kibo, ta ƙi tashi.

Kawu Sule ya ce a jiƙa tsumma. Na ce, "Kawu, zafi ne ciwonta, tsumma ai wasa ne." Na tattaro butocin masallaci na sheƙa wa injin ruwa. Ta mutu murus.

Dattawa suka naɗe riguna suka yi ta turawa, a banza. A ƙafa suka ƙarasa.

Har yau in Kawu Sule ya gan ni da buta sai ya ce, "Injiniya, alwala ko gyara?"