Sunan Ɗan Farin Malam Gidado

A wani kamfanin casar shinkafa an tara ma'aikata kamar tashar mota: Hausawa, Fulani, Yarbawa, da wani injiniya ɗan Indiya mai suna Raghavan, wanda ya iya Hausa har yana fahariya ya gama sanin mutanen ƙasar nan. To, ranar wata Litinin babban injin ya kulle kansa, ya ce sai an ba shi kalmar sirri. Mutum ɗaya ne ya san ta, Malam Gidado mai kula da injin, shi kuwa ya tafi gaisuwar mutuwa can bayan Yola. Ga tirela tara ta ɗanyar shinkafa a bakin ƙofa, in ta kwana biyu ruɓewa za ta yi, aikin Raghavan ya bi ta. Hankalinsa ya tashi, ya kira waya gumi na karyo masa.

"Malam Gidado, faɗa mini kalmar sirrin nan."

"Ayya, Injiniya, ba za ta faɗu ba. Sunan ɗan farina ne. Mu ba ma kama sunan ɗan fari."

"To ya kake shigar da ita kullum?"

"Kau da kai nake yi."

Raghavan ya bi ma'aikata ɗaya-ɗaya, kowa ya ce da Babangida ya san yaron. Ya ce a kira uwar, aka ce ita ko da hannu ba ta nuna shi. Shi yaron kuwa yana daji da shanu. Sai Folake ta ofis ta kawo dabara: za ta yi ta jero sunaye a waya, in ta zo kan sunan yaron, sai Malam ya yi tari. Ta kai suna arba'in, Malam ya ce ta daina wahalar da kanta, tarin ma ai faɗa ne.

Nan Raghavan ya kai maƙura. Ya karɓe wayar.

"Haba Malam, duk sunayen duniya ka rasa wanda za ka sa sai wanda ba ka iya faɗa?"

Malam Gidado ya ce, "Injiniya, kai da bakinka ka koya mana mu zaɓi abin da ko wuƙa aka ɗora mana a wuya ba za mu faɗa ba. Ashe duk kamfanin nan ni kaɗai na ɗauki karatunka."