Azumin da Na Ɗauka a Hanyar Yanbu

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da na kai surukina kallon teku a Yanbu ba, kuma ko ni na so mantawa, mutanen Yawuri ba za su bari ba.

Lokacin shekarata shida a Madina, ina tuƙa motar wani shagon dabino a unguwar Aƙiƙ, ina kwana a ɗaki ɗaya a unguwar Bani Harisa. Matata Rabi kuwa tana Yawuri a gidan mahaifinta, Baba Manu, tsohon masunci. Na gama haɗa takardun zuwanta, kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a Saudiyya, ya sa hannu, abu ɗaya ya rage: Baba ya ce sai ya zo Umara ya ga zamana da idonsa kafin ya saki 'yarsa ta tsallako. Dama can bai gama yarda da ni ba. Ni Bakano ne mai surutu, shi kuwa sai ya yini bai yi magana goma ba. Tun da aka ɗaura aure "yaron nan" yake ce mini (alhali ina da furfura uku a gemu, na ƙirga su).

Da ya gama ziyararsa a Madina, sai ya ce abu ɗaya yake so kafin ya koma, ya ga Bahar Maliya. Mutumin da ya tsufa a kan kogi, ai dole ya so ganin babban ruwa. Nan take na ce Yanbu ai gidana ce, babu lungun da ban sani ba. Gaskiyar magana sau ɗaya na taɓa zuwa, na sauke katan-katan ɗin dabino a bayan wani shago na juyo, ko warin ruwan ban ji ba.

Na roƙi hutun kwana ɗaya, na kuma roƙi abokina Bakur ya kai mu a motarsa. Bakur Bahaushe ne haifaffen nan Saudiyya, kakansa ne ya zo Hajji ya zauna. Yana jin Hausa sarai, amma sai ya mayar maka da Larabci. Mutumin kirki ne, sai dai akwai abubuwan gida da ba su biyo kakansa cikin kaya ba, ciki har da wannan: namiji ba ya buɗe baki ya ci abinci a gaban surukinsa. Ni kuwa a gidanmu ko ruwa za ka sha sai ka juya baya.

Muka fita bayan asuba, ban karya ba saboda rawar jiki. Da hantsi Bakur ya tsaya a wani gidan mai, ya dawo da gurasar tamis mai zafi da dafaffen waken da suke kira ful da shayi. Baba ya ce bismillah, na sunkuyar da kai na ce na ƙoshi. Da a gida ne, magana ta ƙare ke nan, kowa ya gane. Amma Bakur sai ya ɗauka fulako nake yi masa. Ya rantse, ya sake rantsewa, ya yago gurasa ya dangwalo ful ya nufo bakina da ita kamar mai ba jariri koko. Na kauda kai hagu, ya bi ni, na kauda dama, ya bi ni. Baba na kallonmu ta gefen ido. Ni dai so nake mutumin nan ya ƙyale ni, sai na ji bakina ya ce:

"Azumi nake yi."

Bakur ya janye hannu yana neman gafara. Baba kuwa ya ajiye kofin shayi, ya dube ni irin duban da bai taɓa yi mini ba. Ya tambaya ko ramuwa ce. Maimakon in ce e in tsira, sai na ce a'a, na Litinin da Alhamis ne, na saba. Ya ce ai muna kan tafiya, ga zafi, in na sha ba laifi tunda nafila ce. Kun ga ƙofa ya buɗe mini har da riƙe labule. Ni da kaina na maida ta na rufe, na ce ba komai Baba, jikin ya riga ya saba.

"Madalla, Malam," in ji shi.

Malam! Shekara huɗu ina jiran ya daina ce mini yaron nan. Wallahi daɗin da na ji har ya danne yunwar, na wajen minti ashirin.

Muka isa Yanbu rana ta take. Zafin Madina busasshe ne, na Yanbu kuwa jiƙaƙƙe, sai ka ji kamar an lulluɓe ka da tawul ɗin wanzami. Na shiga gaba ina nuna wa Baba gari: ga bututun matatun mai can nesa suna hayaƙi, ga tsofaffin gidaje masu tagogin katako, ga jiragen ruwa. Abin da na karanta a jikin allo in faɗa, wanda ban gane ba in ƙara da nawa. Shi dai Baba da muka fito bakin ruwa sai ya tsaya cak. Ya cire takalmi, ya shiga har idon sawu, ya ɗebo ruwan ya ɗanɗana, ya daɗe yana kallon inda ruwa ya haɗe da sama. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi laushi haka ba.

Daga nan aka nufi kasuwar kifi, inda azabata ta fara. Baba ya zaɓa da kansa, yana ɗaga kunnen kifi yana latsa ciki, har mai sayarwar ya sara masa. Aka kai wurin masu suya, aka haɗo da shinkafar sayadiyya, jar nan mai albasa. Muka shimfiɗa tabarma a inuwa bayan azahar. Su biyu suna ci, ni ina gefe da carbi ina kallon teku kamar mai zurfin tunani, alhali ƙirga lomar Bakur nake yi. Cikina ya yi wata ƙara, na yi tari na rufe ta. Baba ya ware tsakiyar kifin, wurin da ya fi tsoka, ya naɗe da hannunsa ya ce a ajiye wa Malam na buɗa-baki. Bakur ya kai but ɗin mota.

Na yi ta maza har wajen ƙarfe biyu da rabi. Daga nan na fara ganin jirgin ruwa ɗaya ya zama biyu. Bakur ya miƙe ya yi barci, Baba ya koma bakin ruwa da wayarsa. Na zare mukullin motar a hankali na ce zan ɗauko ruwan alwala (ban san wa na faɗa wa ba, babu mai saurarena). Na zagaya bayan mota, na buɗe but, na tsugunna a inuwar taya. Niyyata loma biyu ce, in samu ƙarfin kai azumin nawa magariba. Kifin nan kuwa, jama'a, ko yanzu ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi daɗi.

Ashe Baba kiran gida ya yi, irin na ga-ni-ga-ka, yana nuna musu teku. Da ya gama sai ya ce bari ya nuna musu mijin Rabi, bawan Allah, azumi yake yi cikin wannan rana. Ya tako a hankali, wayar na gaba shi yana baya, don haka mutanen Yawuri sun riga shi ganina.

Na ɗago kai, ƙaya a hannun dama, lemun tsami a hagu, shinkafa a gemu. A fuskar wayar ga Rabi, ga ƙannenta, ga maƙwabta biyu da suka shigo kallon teku, ga kuma surukata Inna a tsakiya. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta tashi. Rabi ta dafe kai. Na haɗiye abin da ke bakina da ƙyar na ce, "Mantuwa na yi, Baba."

Ya kashe wayar tukuna, ya sa a aljihu. Sannan ya ce, "Mantuwar ce ta ɗauki mukulli, ta buɗe but, ta kwance leda, har ta matsa lemun tsami?"

Na ajiye ƙayar da lemun tsamin a ƙasa. Na so a ce tayar motar nan ta hau kaina a huta.

Awa uku muka yi a hanyar dawowa, Bakur na ta danne dariya, kafaɗunsa na rawa a kan sitiyari. Ni kuwa na riga na gama lissafi, Rabi ta zauna a Yawuri ke nan. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na yi kewarta fiye da yadda nake iya faɗa wa kowa. Da muka tsaya sallar magariba, Baba ya ja ni gefe inda Bakur ba zai ji ba.

"Kunya na san ta, ni ma na yi wa nawa surukin. Na taɓa yini a kwalekwale ɗaya da shi ban sa komai a baki ba. Amma ni ban sa Allah a cikin maganar ba."

Na durƙusa nan kan kwalta na ba shi haƙuri. Ya ce ba shi zan ba haƙuri ba, na san inda zan kai shi. Ya juya zai shiga masallaci, sai ya tsaya ya ce Rabi za ta zo bayan Sallah, don ya lura mutum irina bai kamata a bar shi shi kaɗai ba.

Rabi ta zo, yau shekararta uku a Bani Harisa. Shi kuma Baba, duk Litinin da Alhamis da azahar sai ya kira, ya ce a miƙa wa Malam waya, ya tambaye ni ya ibada. Ban da ƙarfin halin yi masa ƙarya ta biyu, don haka tun daga ranar nake yin azumin da gaske. In za ka yi wa suruki ƙarya, ɗan'uwa, zaɓi wadda za ka iya riƙewa har ƙarshen rayuwarka, don shi ba zai manta ba.