Rasuwar 'Yar Abijan, Piyanon da Gwaggo Ta Shayar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta huce ba kuma ba ta da niyyar hucewa, ni Rashidu Abdulrahim, tsohon malamin lissafi a nan Tawa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙiya tun da su suka fi yawa a wannan lamari, rasuwar piyanona wadda gida da unguwa suka sani da suna 'Yar Abijan. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce, da la'asar. Ba tsufa ba ne, ba jinya ba ce. Kashe ta aka yi, kuma wadda ta kashe ta tana tsakar gidana yanzu haka tana cin goro.

Marigayiya ta zo Tawa a saman kar, babbar motar fasinja, naɗe cikin bargo, tare da ƙanena Sadisu da ya dawo daga ci-rani a Abijan. Wasu ƙanne rediyo suke kawo wa yayyensu, nawa ya ce tun da na ajiye alli, ga abin da zan riƙa taɓawa. Ta rayu a ɗakina na bakin titi damina huɗu. Haƙoranta farare da baƙaƙe ba su taɓa cizon kowa ba. Ba ta cin wuta sosai, ba ta gulma, kuma duk wulaƙancin da yatsuna suka yi mata ba ta taɓa kai ƙarata ba. Abin da ka taɓa shi take faɗa maka, ko da ba ka so ji ba. A gidan nan ita kaɗai ke da wannan hali.

Aibinta guda ne, kuma ba zan ɓoye shi don ta mutu ba. Tana da wani jan maɓalli, in an danna shi sai ta kaɗa wa kanta waƙar ƙarshe ta littafin koyo, tsaf, har da ganga, ba hannun kowa.

Shi kuwa littafin koyon da ya zo tare da ita, yana raye, don mugu ba ya mutuwa da wuri. A bangonsa akwai hoton yarinya tana murmushi, a ƙasa an rubuta da Faransanci cewa cikin 'yan makonni mutum zai iya kiɗa. Wanda ya rubuta wannan magana, ban yafe masa ba. Shafin farko ya ce in lanƙwasa yatsu kamar mai riƙe da ƙwai. Na riƙe ƙwai har gero ya nuna. Sannan hannun dama: do, re, mi, fa, sol, a sauko, a sake hawa. Sannan hannun hagu shi kaɗai. Sai wata rana littafin ya ce, ba kunya ba tsoron Allah, yanzu a haɗa hannu biyu. Nan na gane cewa hannuna na hagu jaki ne da ya ga ruwa: in dama ta tafi ya tsaya, in ya tashi tafiya dama ta manta hanya.

Da abin ya tsaya a kaina ni kaɗai, da na haƙura tuntuni. Amma 'yata Rahinatu, tun tana lise, wato sakandare, ta shigo wata rana ta danna jan maɓallin nan, ta saurara har ƙarshe, ta ce, “Baba, wagga za ka kaɗa mini ran bikina, da hannunka.” Na ce to. Ita ta yi dariya ta fita. Ni ban yi dariya ba, don ban taɓa ce wa yarinyar nan to na saɓa ba.

Lokacin ko manemi ba ta da shi, na ɗauka ina da sarari. Ta gama lise, ta tafi Yamai karatun ungozoma, ta dawo, wani yaron kirki ɗan Barmu ya fito, aka kai goro, aka sa rana. Ni ina nan cikin littafi na ɗaya. Maƙwabcina ya ɗora bene a kan gidansa ina kan shafi guda.

A tsawon wannan jinya ta yatsu, ga waɗanda suka tsaya mini, kuma ina so a san su. Matata Kaltumi, wadda ta kafa dokar a riƙa rufe ƙofar ciki in zan fara, ta ce, “Malam, ko akuya anka yanka, kuka guda takai ta huta.” Abokina Dodo, wanda ya daina tambayata iyali a fada, wurin hirarmu, sai dai ya miƙo mini shayi ya ce ina kwanan do-re-mi. Da jakin mai ruwa, wanda shi aƙalla yakan amsa mini daga titi.

Sai Gwaggo Ciɗo, ƙanwar mahaifina, ta zo daga Kalfu don shirin biki. A makonta na farko wata kaza ta shiga ɗakin ta taka jan maɓallin, marigayiya ta ɓarke da kiɗa ba kowa a ciki. Na yi wa Gwaggo bayani har bakina ya bushe. Ta dube ni ta ce, “Abin da ka waƙa ba baki ba hannu, shi za ka ce mini inji na? Ɗana, ka yi boko amma ba ka da wayo.” Tun ranar ba ta wuce ƙofar sai da a'uziyya.

Ranar Talata na shigo ta ƙofar titi, ƙofar ciki a rufe bisa doka. Na zauna, na ɗora hannu, ban sa rai da komai ba. Dama ta tafi, hagu ya bi ta. Muka iso wurin da kullum yake turjewa, ya wuce. Na kai ƙarshen waƙar ban faɗi ba. Na sake, ta sake fita. Ni da na yi shekara talatin ina hana 'yan makaranta kuka, na zauna hawaye na zuba a kan farin haƙori. Aka kira salla, na fita ta ƙofar titi zuwa masallaci, na bar ta a kunne, ina cewa a raina ba wanda zai sani sai ranar biki.

Ashe an ji a tsakar gida. Gwaggo ta tambayi Kaltumi ko ni ne, matata ta shekara da shekaru ta ce, “Haba Gwaggo, Malam ba shi iya wanga.” Gwaggo ta tura ƙofa ta tarar ba kowa, ga 'yar fitila ja tana kallonta. Sai ta ɗauko ƙwaryar rubutun da aka karɓo wa amarya ta sha, ta bi marigayiya da shi daga wannan kai zuwa wancan, tsakanin haƙora, har cikin ramukan da murya ke fita. Ruwan ba shi da laifi, don cikin mutum aka yi shi. Waɗanda suka halarci cikawarta sun ce ta ce sol, ta sake cewa sol a shaƙe, ta yi zzzz, sannan ɗas.

Na dawo na samu Gwaggo tana goge hannu da gefen zane. Ta ce, “Na kore maka shi, ɗana. Kiɗin ya yi daɗi ƙwarai, nan na gane ba kai na ba.”

Zakari mai gyaran rediyo ya buɗe cikinta, ya shanya ta a rana, ya hura, ya goge, daga ƙarshe ya cire hula.

Ba rashin ta kaɗai ke cina ba. Na faɗa wa kowa cewa ni ne na kaɗa, ba wanda ya yarda. Kaltumi ta ce maɓallin na danna. Dodo ya ce Gwaggo ta rufa mini asiri, in kai mata turmin atamfa. Wanda ya fi duka zafi, Rahinatu ta same ni a zaure ta ce a hankali, “Baba, bar shi, na yahe alkawalin.” Tausayina take ji. Shaida guda gare ni a duniya, ita ce aka shayar.

Marigayiya ta bar littafi na ɗaya, maƙaryaci. Da littafi na biyu, wanda har yau yana cikin ledarsa bai san abin da ake ciki ba. Da wayar wuta. Da yatsu goma da suka iya waƙa guda ba su da inda za su faɗe ta.

Game da jana'iza: ba a karɓar ta'aziyyar Gwaggo Ciɗo, ko ta Kaltumi, ko ta Dodo, ko da a bakin ɗan aike. Zakari da ke son kayan cikinta ya dakata. Gawa za ta kwana a ɗakinta har ranar Asabar, ranar bikin Rahinatu. Bayan ɗaurin aure, in mata sun cika tsakar gida, za a fito da ita a ɗora a kan tebur. Zan zauna a gabanta, littafi a rufe. Rahinatu ta san waƙar, za ta tsaya a damana ta kalli yatsu. An keɓe wa Gwaggo tabarmar gaba. Bayan nan Zakari ya zo ya ɗauki rabonsa.

Damina huɗu kuna roƙona in yi muku shiru. To, ranar Asabar za ku samu, da hannu biyu, daga farko har ƙarshe.