Ranar da Na Yi Minshari a Wurin Ɗaurin Auren Ƙanena

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don duk wanda ya san gidanmu a Bakura zai gane ni. Amma yanzu akwai abin da ya fi kunya damuna, shi ya sa na daure.

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanena Sani ba. Lokacin ana aikin dam ɗin Bakolori, ni kuma ina cikin masu ɗaga wa manyan motoci tuta. Mahaifinmu ya rasu, don haka ni ne wakilin ango. Amarya kuwa, Hajo, ’yar wani gida ce a wajen Maradun waɗanda ruwan dam ya cinye musu gonaki. Waliyyinta, Kawu Ɗan’ige, ba ya ko son ganin ɗan aikin dam. Da kyar ya yarda da Sani, shi ma don manomi ne.

A shekarar nan jikina ya sauya, ban san dalili ba. Ina jin sanyi ana tsakiyar bazara. Fuskata ta kumbura, na yi ƙiba alhali ba na cin kirki, fata ta bushe, murya ta dishe. Ga barci. (Na taɓa yin gyangyaɗi a tsaye, tuta a hannu.) Da yake ni mai yawan tunani ne, sai na ɗauka lalaci ne ya kama ni, na yi ta istigfari.

Tun ana saura makonni nake bitar abin da zan faɗa, har matata Asabe ta ce, “Malam, ‘mun karɓa’ ce fa kawai, ba huɗuba ba.”

Ranar ta zo. Rana kamar ta gasa mutum, amma ni na sa rigar sanyin aiki a ƙarƙashin babbar riga. Muka zauna a kan tabarma a ƙofar gida. Na nema wa Sani aure yadda ya kamata, ban yi tuntuɓe ba. Sai Kawu ya fara doguwar nasiha kafin ya bayar. Na ji ɗumi ya ratsa ni, karo na farko a ranar. Na ce bari in ɗan lumshe ido don in fi sauraro.

Sauran labarin daga baya aka ba ni. Kawu ya ce, “Mun ba ku.” Sanƙira ya ɗaga murya ya maimaita. Jama’a suka yi tsit suna jiran wakilin ango. Abin da ya fito daga wakilin ango minshari ne.

Liman ya zungure ni. Na farka firgigit, na ga kowa ya yi shiru, na ɗauka an gama. Na shafa fuska na ce, “Amin, amin,” na miƙa hannu cikin faifan goro.

Kawu ya miƙe yana kaɗe riga. “Mun ba ku ɗiya, kun amsa muna da minshari? Liman, dubi idanunai. Wanga, abin Turawan dam ya sha!”

Sani ya sunkuyar da kai kamar zai shige ƙasa. Liman ya riƙe wa Kawu gefen riga yana ba shi haƙuri, ni kuma na durƙusa na ce “mun karɓa” da muryar da ta fi kama da ta kwaɗo. Aure ya ɗauru, amma Kawu ya ce kada in sake taka ƙofarsa.

Ni da ban taɓa sanin ɗanɗanon giya ba! Na rantse sai na gano abin da ke damuna. Na sha jiƙo, na sha rubutu, na sha maganin shawara a Talata Mafara, duk a banza. Ban fasa ba har na kai babban asibiti a Sakkwato. Likita ya taɓa wuyana, aka ɗebi jini. Ya ce akwai wata ’yar tsoka a gaban maƙogwaro, wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo. Ita ke fitar da sinadarin da ke ba jiki zafi da kuzari, tawa kuma ta yi sanyin aiki. Ba lalaci ba ne, ba sammu ba ne. Ya ba ni ’yar ƙwaya, kullum da safe kafin in ci komai, ya ce ni da ita har ƙarshen rai.

Da na murmure, na hau keke har ƙofar da aka hana ni, na nuna wa Kawu kwalbar maganin. Ya juya ta, ya dube ni, ya ce, “To, ka riƙa sha, ka bar kwana bisa tabarmar mutane.” Sannan ya matsa ya ba ni wuri.

Darasin da na koya: in jikinka ya sauya, je a duba ka kafin ya tona maka asiri a gaban surukai.

Ga abin da ya sa na rubuta. ’Yata Saratu ta fara yawo da bargo a bazara, kuma dangin mijinta sun fara ce mata raguwa. Don Allah, mai sani ya sanar da ni: ana gadon wannan ciwo? Kuma ina ake gwajin jinin kusa da Mafara? Ko ina ne zan kai ta, kuma ba zan yi barci a hanya ba.