Fankar da Ta Ƙi Tsayawa

Ni fa injiniya ne, da takardata ta nan birnin Lyon, ƙasar Turawa! Da fankar shofaj mai ɗumama gidanmu ta ƙi tsayawa, matata ta ce a kira mai gyara. Na ce, "Ina raye?" Na kwance ta sala-sala, ta ƙi haɗuwa. Kwana biyu kakar matata, Hajiya, baƙuwarmu daga Maraɗi, tana alwala tana karkarwar sanyi.

Mai gyara ya zo ya haɗa, ya nuna mini wani maɓalli a bango. Ashe Hajiya ce ta danna shi, don iska ta busar mata da kuɓewa! Ita ta yi ɓarna, ni ake wa dariya. Har yau in na kira Maraɗi, gaisuwarta ɗaya ce: "Angona injiniya, ya sanyi?"