Yadda Za Ka Haɗa Talabijin da Akwatin Surukinka Ba Tare da Ka Tambayi Kowa Ba

Kai maigida, saurara. Surukinka ya kawo talabijin da sifiku da wani ɗan baƙin akwati na kwamfuta, wai bidiyon auren 'yarka na ciki. Matarka ta riga ta gayyato 'yan uwanta kallo. Bi abin da zan faɗa, girmanka ba zai taɓu ba. Ni na gwada.

1. Sallami surukin
Zai ce, "Baba, bari in haɗa maka." Ce masa kana haɗa rediyo tun ba a haife shi ba. Ya tafi.

2. Takardar bayani
Ninke ta, ka tokare ƙafar teburin da ke rawa. Amfaninta ke nan.

3. Wayoyi
Kowace waya da raminta. Wadda ta ƙi shiga, danna ta da ƙarfi. Wadda ta yi saura, tura ta bayan kujera. Babbar sifika kuma kusa da kujerarka, ba ta baƙi ba.

4. In talabijin ta yi maka tambaya
Kana sa akwatin, rubutun Turanci zai fito, da gurbi biyu. Kada ka kira mai karantawa. Dattijo ba ya shawara da kayan lantarki. Danna na farko. Za ta sake tambaya, wai ko ka tabbata. Raini ne. Danna kuma.

5. In akwatin ya zama wayam
Ashe goge komai take nufi. Kada fuskarka ta nuna. Matarka za ta ce, "Maigida, ina amaryar?" Ƙanwarta za ta ce, "Yaya, ko kallon baƙin allo muka zo?" Riƙe rimot, ka ce na'ura tana ɗumi.

6. In aka kira surukin
Zai duba, ya dube ka, ya sunkuyar da kai. Nawa surukin cewa ya yi, "Mama, akwatin ne ba shi da kyau, laifina ne." Ya ɗauko kwamfutarsa a mota, ya sake zuba bidiyon. Kai kuma yi masa faɗa a gaban kowa kan sayen kayan banza. Zai ce, "A yi haƙuri, Baba." Haƙura. In zai tafi, raka shi har mota, amma kada ka ce komai.

Gargaɗi: in surukinka bai ajiye wani kwafin bidiyon a kwamfutarsa ba, ko bakinsa ba ya rufuwa, babu ruwana. Ba ni na zaɓa wa 'yarka miji ba.