A Auna Uban, a Ƙyale Ɗan: Yadda Ake Zaɓen Gwanin Hokin Ƙanƙara

Kai da aka turo daga Bratislava ka zaɓo yaro ɗaya tak da za a ba gurbi a makarantar hoki, wasan nan da ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara, alhali ba ka san kan sandar da gindinta ba, kwantar da hankalinka. Ka bi abin da zan faɗa maka, kafin ƙanƙara ta narke za a riƙa cire maka hula. Na tsufa a aikin nan, kuma ban taɓa kallon wasa har ƙarshe ba.

1. Kada ka kalli wasan

Filin sanyi ne da shi, yaran kuma duk sun rufe fuska da hular kwano, ko uwa sai da lamba take gane nata. Ka wuce kantin shayi, ka sa a ɗiga maka ɗan abin ɗumama ciki a kofi. In ka ji ihu, an ci ke nan. Ka leƙo, ka girgiza kai kamar an ɓata maka rai, ka koma.

2. Ka haddace magana biyu

"Yana da hannu, ba ƙafa." "Yana da ƙafa, ba kai." Wanda ya haɗa duka ukun, ka ce ba shi da jiki.

3. Auna uban

Nan sana'ar take. Ɗan shekara goma sha biyar bai gama tsawo ba, manya a birni kuma dogo suke so. To ina za ka ga tsawon gobe in ba a jikin uba ba? Kar ka fita ba tef ɗin tela a aljihu.

Bara aka tura ni wani ƙaramin gari a gindin duwatsun Tatra, inda ake gardama a kan yara biyu. Akwai Vratko, ɗan Dezider mahauci, wanda shi da uban sai sun sunkuya suke shiga ƙofa. Akwai kuma Svorad, ɗan guntu, da aka ce ya zura uku a raga ina kantin shayi. Vratko in ya rasa, shagon ubansa na nan. Svorad in ya rasa, sai injin yankan katako, don baɗi shekarunsa sun wuce na shiga makarantar.

4. Hattara da uban aro

Iyaye mata sun gano mu. Da na nemi uban Svorad, uwarsa Hedviga ta turo min wani zanƙalelen mutum. Har na zaro tef, sai Dezider ya ɗaga murya daga baya.

"Tibor, kai da kullum kana cikin bas, yaushe ka haihu ba a gayyace mu biki ba?"

"Yau da safe," in ji Tibor. "Hedviga ta ce za ta dafa min halushki, abincin nan na dankali da cuku."

Wuri ya ɗauki dariya, ban da Hedviga. Ta ce, "Yallaɓai, uban ya rasu, icce ne ya faɗo masa a daji. Ka kalli yaron mana, ko sau ɗaya."

Kar ka taɓa biye wa irin wannan roƙo. Ranar da ka fara kallon yara, ka zama kamar kowa.

5. In uban ya mutu, nemi shaidar abokin hamayya

Na ce ta nuna min tsawon marigayi. Ta ɗaga hannu daidai kunnenta, ta dube ni, ta ƙara sama, ta ƙara, har ta yi ɗage. Wallahi ta ba ni tausayi, amma ba da tausayi ake awo ba. Na juya ga Dezider, tunda shi zai fi kowa son gaskiya ta fito.

"Kai mahauci, ka san mutumin?"

"Aji ɗaya muka yi. Ni na kama gaban akwatin gawarsa."

"Haka tsawonsa yake?"

Ya dubi ɗansa, wanda ke zaune dirshan a kan ƙanƙara yana laluben sandarsa. Ya dubi hannun Hedviga da ke miƙe a sama. Matarsa kuwa sai zungurinsa take da gwiwar hannu.

Ya ce, "Ta ma rage, Yallaɓai. Sai da kafinta ya ƙara katako a akwatin, duk da haka da ƙyar murfin ya rufu."

Nan take Tibor ya tuna kan marigayi na bugun rufin bas. Wata tsohuwa ta rantse bai taɓa hawa tsani don tsinkar tuffa ba. Ban taɓa ganin gari mai ƙwaƙwalwa irin wannan ba. Na ba Svorad gurbin. Ina fita na ji matar Dezider tana gaya masa inda zai kwana.

6. Karɓi yabo

Yanzu Svorad ya shekara a Bratislava, ba wanda ya kai shi zura ƙwallo a raga. Manya na cewa ina da ido. In aka faɗa maka haka, ka sunkuyar da kai, ka ce baiwa ce.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ruwansa da duk abin da ya biyo baya: mura, zagin iyaye, ko yaron da ya ƙi tsawo. Shi kansa Svorad har yau ko ɗan yatsa bai ƙara ba, na ce musu jinin yana nan, a jira. Mai ƙorafi ya kama hanyar garin, maƙabarta na bayan coci. In ka ga kabarin marigayin gajere ne, ka tambayi Dezider. Zai rantse maka a tsaye aka binne shi.